Jan da Ke Gefen Hoto

"Buɗe mana wancan," in ji farfesan da ya zo gwada ni, yana nuna hoto ɗaya cikin dubu uku.

Na danna. Wata shida na yi a bayan babur ɗin Baba, waya a kife, ina ɗaukar kwaltar unguwannin Gwallaga da Ɗan Iya don in koya wa kwamfuta gane tsagewar titi. Duk inda ta ga lalacewa sai ta shafa ja.

Hoton ya fito, kwalta sumul. Amma can gefe ja ya taru, kwamfuta ta rubuta a gyara da gaggawa.

"Titin nan lafiyarsa lau. Me ta gani?"

Na sake duban jan nan. Shi ke nan, digirina ya tafi.

"Ranka ya daɗe, ƙila inuwa ce."

"Ƙara girmansa."

Na ƙara. Dunduniyar Baba ce cikin silifas, faso ya tsattsaga ta, har da busasshen jini.

Wata shida ina bayansa, ban taɓa lura ba.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ba ta yi kuskure ba."