Larabar Fararen Kaya

Tun da ƙasar da ke maƙwabtaka da su ta shiga ƙawancen ƙasashe masu sayar da man fetur, Lantana take ɗokin Laraba. Dokar ƙawancen ce a rufe rijiyoyin mai duk ranar Laraba, kada mai ya yi yawa farashinsa ya faɗi. Da ma ƙasarsu ta daɗe a cikin ƙawancen, don haka duk Laraba hayaƙin rijiyoyin maƙwabtan ne kaɗai ya rage yana ƙetaro iyaka. Yau Laraba, shi ma ya ɗauke.

Ta ciro farar rigar mijinta daga ƙasan adaka, ta wanke, ta shanya a tsakar gida ba tare da fargaba ba. Don wannan rana aka ɗage sunan jikarsu.

"Malam, fito ka ga rigarka! Ko ɗigon baƙi babu!"

Malam Ɗanjuma ya fito yana dariya, ya cire takunkumin hancinsa ya rataye a ƙusa. "Ashe haka kike da kyau a hasken rana? Ai da na ƙara sadaki!"

Unguwa ta cika da fararen kaya da guɗa. Da aka fito da jaririyar, Lantana ta karɓe ta, ta juya fuskar yarinyar ga sararin samaniya.

"Buɗe ido ki more, takwarata. Shuɗi ake ce masa. Gobe babu shi."