Albasar Furen Mama

Na tarar da Baba a durƙushe a lambu, ya tono albasar furen lili ɗaya tilo da Mama ta bari, yana ɓantare ta sala-sala kamar mai ɓare tafarnuwa.

"Baba, me ka yi haka? Ita ke nan fa ta rage."

Ya ɗago ya yi mini kallon baƙuwa. Tun rasuwar Mama mantuwa take cin sa, har takalminsa na taɓa tsinta a firji. Na ƙwace ɗan abin da ya saura na mayar rami. Shi kuma ya kwashe guntayen a aljihu ya shige ɗaki.

Kullum sai na leƙa ramin, ko tsiro babu. Yayana ya ce a waya, "Ki fara kulle shi a ɗaki. Yau fure ne, gobe wuta zai taɓa." Na sayo kwaɗo, na kasa sa wa.

Bayan makonni ina shara, tsintsiya ta jawo wata baƙar leda a ɗaure daga ƙarƙashin gadonsa. Na kwance a hankali. Yashi ne mai danshi, guntayen nan a binne ciki, a gindin kowanne wata 'yar farar albasa ta ɓullo kamar haƙorin jariri.

"Rufe, yarinya, ba sa son haske tukuna," in ji Baba daga bakin ƙofa. Har yau sunana bai dawo masa ba. "Matata ce take ɓarewa, ni nake riƙe mata leda."