Tabon da ke Gilashin Talabijin

Tsohon ne ya fara ganin tabon, tun kafin kowa a gidan ya lura. Wani abu ne kamar hayaƙi a tsakiyar gilashin talabijin ɗinsu ta plasma. Sai wata safiya talabijin ɗin ta ɗauke gaba ɗaya.

"Baba, a jefar da ita kawai," in ji ɗansa.

"Ni ma likita ya taɓa cewa na gama. Yau ina likitan?"

Bai taɓa shiga aji ba, amma babu rediyon da ya taɓa gagararsa. Ya kifa talabijin ɗin a tabarma, ya jera kusoshin a murfin kwano. Kullum da hantsi yana kanta da dalma, ba ci, ba hira.

Mai gyara na bakin titi ya leƙo, ya nuna masa inda ya ƙone.

"Za ta kama, Baba, amma tabon ba ya fita. Irin wannan gilashin, in hoto ɗaya ya daɗe a tsaye, kwanciya yake yi a jikinsa."

"Wa ya ce maka fitar da shi zan yi?"

Ranar da talabijin ɗin ta kawo haske, ɗan ya tsaya a ƙofa, ya tuna. Bayan rasuwar mahaifiyarsa, tsohon ya tsayar da bidiyonta daidai inda ta waiwayo, bai kashe ba har faifan ya lalace.

"Ni dai hayaƙi nake gani, Baba."

Tsohon bai juyo ba.

"Mai musu ya zo ya zauna nan kusa da ni, ya ce min ba ita ba ce."