A Kawar da Inuwa

Tun da gwamnati ta raba wa talakawa sola, inuwa ta zama laifi. Duk gidan da wani abu ya tare wa farantin rana, sai a zo a kwance shi.

Kullum da la'asar, in darbejiyar tsakar gida ta rufe farantin, akwatin sola da ke jikin bango yakan ce, "A kawar da inuwa."

"Na'am?" in ji Malam Inuwa daga tabarmarsa a gindin bishiyar. Tun da tsufa ya rikita shi, abokai suka ɗauke ƙafa.

Matarsa Asabe ta gaji da gaya masa ba da shi ake ba. Kuma da firjin da farantin ke bai wa wuta take sanyaya zoɓon da ke ciyar da su. Rannan dai ta kira Tanko mai gatari, ta nuna masa darbejiyar.

"Inna, har gindi?"

"Har gindi, Tanko. Yi maza, kar in sake shawara."

La'asar ta yi, akwatin bai ce uffan ba. Ta mayar da tsohon jikin katanga, tana yi masa fifita.

Can ya ɗago kai. "Asabe, yau shi ma bai kira ni ba?"