Ruwan Wuri Ashirin da Bakwai

Pandit Dudnat, malamin addinin Hindu na unguwar, ya tsayar da yatsa a kan littafin taurari, ya ɗago kai.

"Tauraron haihuwarsa Jeshta ne, Kawu Bisun. Tauraro ne mai cin wan jariri, in wan ya yi ido biyu da shi kafin kwana ashirin da bakwai. Amma ka tsira, tunda wannan ne ɗanka na fari. Ba wa, ba magana."

Matan da ke tsakar gida suka yi ajiyar zuciya. Bisun kuwa bai motsa ba. Shekararsa sittin da ɗaya, gonakin raken yankin Berbice sun shanye masa ƙarfi, sai yanzu Sumintra, matar da ya aura da furfurarsa, ta haifa masa ɗa.

"In da akwai wan fa, Pandit-ji?"

"Sai a tara ruwan wuri ashirin da bakwai. Ranar cikawa wan ya fara ganin fuskar yaron a cikin kwanon mai, sannan a kwara masa ruwan. Me ya haɗa ka da wannan wahala?"

"A yi dai."

Washegari Bisun ya ɗaura kwalabe a keke. Rijiya, famfo, magudanar shinkafa, bakin kogi, kowanne kwalba guda, ya toshe da tsumma. Ya kuma kafa doka: namiji ba zai taka ɗakin mai jego ba.

Wata safiya Mausi ungozoma tana murza jaririn da man kwakwa mai ɗumi, tana haɗa masa hannu da ƙafa tana saki. Ta sa masa kwalli, ta ɗiga baƙi a goshi saboda baki. Sumintra ta ajiye kwanon kunun kurkum, ta dubi mijinta.

"Tsoho, dube ni. Ina ka ɓoye wan nasa? A garin Skeldon? Wace ce uwar?"

"Sha kununki, zai huce."

"Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as," in ji Mausi, ba ta ko ɗago ba.

Ranar sha biyu Pandit ya zo raɗin suna. Ya cire takalmi, ya nufi ɗaki don ya shafa kan yaro. Bisun ya jefar da kwalbar da ke hannunsa, ya tare ƙofa da ƙirji. A bayansa labule ne kawai, iska tana ɗaga shi.

"Har ni? Kai da ka yi wa mahaifina kiwon shanu, yau ni kake tare wa ƙofa?"

"Yaron mura yake yi, Pandit-ji."

Daga waje aka raɗa sunan. Pandit ya tafi bai taɓa abinci ba.

Ran ashirin da bakwai Pandit ya aiko cewa ba zai zo ba. Bisun ya je ya tsaya a ƙofar gidansa, kai ba hula, tun hantsi har inuwa ta koma ƙarƙashin ƙafa. Daga bisani Pandit ya fito yana tsaki.

Tsakar gida ta cika, don duk unguwa ta ji cewa yau ɗan ɓoyen Bisun zai bayyana. Sumintra ta kafa wa ƙofar shiga ido. Aka juye kwalaben a tulun tagulla, aka ajiye kwanon mai, Mausi ta riƙe jaririn a saman kwanon, da mayafi tsakaninsa da maza. Pandit ya gama addu'o'insa.

"To, ina wan? Ko sai mun kwana nan?"

Ba wanda ya shigo. Bisun ya murza ido.

"Idona ya mutu, Pandit-ji. Duba min ko man ya kwanta, ko fuska tana fitowa."

Pandit ya sunkuya ba da son ransa ba. "Ga shi nan tar, har yana hamma."

Bisun ya ɗauki tulun. Taki ɗaya, taki biyu, sai ya yi tuntuɓe inda ba dutse, ruwan duka ya sauka a kan Pandit, tun daga tsakar ka har tafin ƙafa. Wata ta ƙyalƙyale da dariya, saura suka bi. Pandit ya miƙe a fusace, ya rantse ba zai ƙara taka gidan ba, ya fita yana matse farin zanensa.

"Ka tara mana duniya ka kunyata mu," in ji Sumintra. "Wata guda na wahala, ga shi a ƙasa."

Bisun ya zauna a kan turmi, ya bi bayan mutumin da kallo har ya karya kwana. Shekara talatin da huɗu ke nan da matar tsohon pandit, uwar Dudnat, ta rantsar da shi cewa ba zai taɓa kiran yaron da ta haifa ɗansa ba, kuma yau ma bai kira ba.