Motar Da Ba Ta San Gareji Ba

Kujerar direba ta sake matsawa baya.

Mai Jif ya zauna, ya miƙa ƙafa, bai taɓo totur ba. Shi gajere ne, matarsa kuwa ko kafaɗarsa ba ta kai ba. To wane zangwarmen ne ya zauna a nan jiya? Madubi ma an ɗaga shi sama. Ya shaƙi iskar cikin motar, ya ji warin gumin namiji, kuma ba nasa ba ne.

Ƙaramar jif ce ruwan toka, shekara tara tana hannunsa. A ofis har an manta sunansa na yanka saboda ita. Duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi lokacin cin abinci sai ya sha karatu: ba ta taɓa kwana a gareji ba, ba ta taɓa tsayawa da shi a hanya ba, a zuba mai kawai a canja baƙin mai. Abokan aiki sukan ce da yana yabon matarsa rabin haka, da tuni ta yi ƙiba. A kan motar nan ya ɓata da ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya ce masa a gaban baƙi an yi masa sakiyar da ba ruwa. Mai Jif ya kira abin hassada, ya nuna masa ƙofa, tun ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Mutum ne da bai iya cewa ya yi kuskure ba, kowa ya sani. Amma yau ba girman kai ke cinsa ba, tsoro ne.

Da can sau ɗaya a wata matarsa ke karɓar makulli ranar Asabar, ta ce za ta gaida gwaggonta. Kwanan nan abin ya koma kowane mako. Tana dawowa a gajiye, ta wuce banɗaki ta yi ta wanke hannu. Ranar Laraba ya tarar da ita a kicin tana waya ƙasa-ƙasa, tana ganinsa ta kife wayar a kan firij, ta tambaye shi ko a ƙara masa ruwan zafi. Washegari ya kira gwaggon da sunan gaisuwa. Tsohuwa ta yi ta ƙorafi, wai ya ɓoye mata 'yarta, rabon da ta sa ta a ido har ta manta.

Shekara ashirin da aure, 'ya'ya huɗu, babbar tana shirin shiga jami'a. Ya yanke a ransa, idan ya ga abin da yake zargi, a wurin zai sake ta, kowa ya kama gabansa.

Asabar da hantsi ta zo ta tsaya a kansa da mayafi.

"Baban yara, makulli."

Ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba. Tana fita ya zura takalmi, ya tare tasi a bakin titi, ya ce a bi waccan mai ruwan tokar, kada a matsa kusa. Direban ya kalle shi ta madubi, ya ga fuskar ba ta wasa ba ce, ya ja mota.

Hanyar gidan gwaggo dama ce. Ta yi hagu.

Tuƙi take a hankali, kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Kafin kowace mahaɗa sai ta rage gudu tun daga nesa, na baya suna ta danna mata oda, ko a jikinta. Mai Jif ya ce a ransa, wato har jan lokaci take yi, ta ga ko ana bin ta. Suka wuce kasuwa, suka wuce gidan man da yake canja baƙin mai, suka shiga wata unguwa da bai taɓa takawa ba, lungu ya yi ta ƙanƙancewa. A gaban wani baƙin get ta tsaya. Ko oda ba ta yi ba aka buɗe mata daga ciki. Jiranta ake yi.

Ya sallami tasi. Ya daɗe tsaye jikin katanga, yana roƙon Allah Ya sa gidan wata ƙawa ce. Sai ya ji dariyarta, irin wadda ya daɗe bai ji ba a gidansa. Sannan muryar namiji, can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rami. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Ya sunkuya ya ɗauki rabin bulo, bai ma san abin da zai yi da shi ba, ya sa ido a tsagar get ɗin.

Jif tana tsakar gida, an ɗaga gabanta, taya ɗaya a ƙasa. Matarsa ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta durƙusa tana haska fitilar waya, hannunta duk baƙin mai. Dogayen ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin motar. Ta ce ita fa ta gaji da ɓoyo, mutumin ya fara zarginta, gara yau ta faɗa masa gaskiya.

Mai ƙafafun ya turo kansa waje, furfura ta fara cin gemunsa, ya share gumi da bayan hannu.

"Kul, matar Yaya. Shekara tara ina kwana ƙarƙashin akwalar nan bai sani ba, kada ki ɓata min aiki. Miƙo min sifana in gama birkin nan, kafin ya kashe min ɗan'uwa."