Wa Yake Sace Iskar Allona?

"Sake dubawa!" na ce wa mai faci, na jefa allon gabansa karo na uku.

Allon tuƙi ne, irin wanda ake hura wa iska a hau shi a tsaye kan ruwa. Kullum da safe zan cika shi tam in jingine. Kafin in dawo daga aiki ya yi laƙwas. Ga gasa ran Asabar, ga fargabar kar ya sace da ni a tsakiyar tafki. Na kasa zaune, na kasa tsaye.

Mai faci ya bi kowane haɗi da ruwan sabulu. Kumfa ko ɗaya ba ta tashi ba.

"Malam, robar nan ninki biyu ce, lafiyarta ƙalau. Wannan aikin hannu ne." Ya shafa tawada a bakin bawul, inda ake hura iskar. "Je ka duba yatsun mutanen gidanka."

Washegari da yamma Inna ta miƙo mini ruwa. Babban yatsanta duk tawada. Ashe tsoro take kar ɗanta ya nutse.

"Inna, kwantar da hankalinki, na iya ruwa."

Ta harare ni. "Wa ya damu da kai? Sai an sace iskar yake shiga jaka. Kana fita nake tafiya tafki. Tun ba a haife ka ba nake tuƙa jirgin babana a tsaye."

Ta goge yatsan a zani.

"Af, ran Asabar ka nemi aron wani allon. Na riga ka rubuta suna a gasar."